Matsin Ɓallewa a Juye na Dayod Mai Haske: Bayaninsa da Hanyar Shigar da Shi Cikin Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin lantarki a babbar sakandare ko a kwalejin fasaha ya san wannan gwaji. Ana ɗauko ɗan ƙaramin ƙwan nan mai ƙafa biyu da ake kira LED, a haɗa shi da batir ta hanyar razista, sai ya kama. A juya ƙafafunsa, sai ya ƙi kamawa. A mayar da su yadda suke, sai ya sake kamawa. Daga nan ɗalibi yakan yanke hukuncin cewa juya ƙafafun ba ya cutar da ƙwan, iyakarsa dai ya hana shi haske. Amma idan ɗalibin ya duba takardar bayanan da kamfani ke fitarwa game da irin wannan ƙwai, zai tarar an rubuta cewa kada matsin lantarkin da ke kansa a juye ya wuce bolt 5. To, ga shi kuwa batirin da aka fi yin gwajin da shi mai bolt 9 ne, kuma ƙwan bai ƙone ba. Wanne ne ke da gaskiya, gwajin ko takardar?

Maƙasudin wannan maƙala shi ne amsa wannan tambaya da Hausa, ta yadda malami zai iya tsayawa gaban aji ya warware ta ba tare da ya koma ga Ingilishi ba. Za mu bayyana yadda dayod mai haske ke aiki, da abin da ke faruwa a cikinsa idan aka haɗa shi a juye, da ma'anar iyakar bolt 5, da wuraren da ake ƙetare wannan iyaka ba tare da an sani ba. Daga nan za mu duba kalmomin da muka zaɓa da dalilan zaɓensu, sannan mu ba masu tsara manhaja shawarar inda ya dace batun ya zauna.

2.0 Kalmomin da Muka Yi Amfani da Su

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi.

(a) Matsi: ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya. Ana auna shi da bolt.
(b) Kwarara: yawan lantarkin da ke wucewa ta waya a kowace daƙiƙa. Ana auna ta da ampiya. Miliampiya kashi ɗaya ce cikin dubu na ampiya, maikro'ampiya kuma kashi ɗaya cikin miliyan.
(c) Turjiya: yadda abu ke tauye kwarara. Ana auna ta da om, kuma razista ita ce na'urar da aka ƙera domin wannan aiki.
(d) Dayod: na'ura mai ƙafa biyu wadda ke barin lantarki ya bi ta fuska ɗaya, ta tare shi ta ɗaya fuskar. Wanda ke ba da haske shi muka kira dayod mai haske.
(e) Haɗin daidai da haɗin juye: idan doguwar ƙafar dayod, wato anod, tana wajen alamar tarawa ta batir, gajerar kuma, wato katod, tana wajen alamar ɗebewa, an yi haɗin daidai. Idan aka musanya su, an yi haɗin juye.
(f) Ɓallewa: lokacin da dayod da ke a juye ya kasa ci gaba da tare lantarki, kwarara ta ƙaru farat ɗaya. Matsin da hakan ke aukuwa a kansa shi ne matsin ɓallewa a juye.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1907 wani injiniya ɗan Ingila mai suna H. J. Round ya lura cewa ƙanƙarar sinadarin silikon kabaid tana fitar da ɗan haske idan aka sa mata lantarki. Oleg Losev na ƙasar Rasha ya zurfafa bincike a kan lamarin, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1927. Sai a 1962 ne Nick Holonyak, yana aiki a kamfanin General Electric a Amurka, ya ƙera dayod mai jan haske wanda ido ke iya gani. George Craford ya samar da mai ruwan ɗorawa a 1972. Shuɗi ne ya daɗe yana gagarar masana, har sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya suka warware babbar matsalar sinadarin galiyam nitiraid a 1989, sannan Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya fito da shuɗi mai ƙarfin haske a 1993. Waɗannan mutum uku na Japan su ne suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin Fiziks a 2014. Farin dayod da ke cikin tocila da fitilar caji da ƙwan ɗaki, galibinsa shuɗi ne aka lulluɓe shi da wani sinadari da ke mayar da wani kaso na shuɗin haske ruwan ɗorawa, gamayyar biyun ta bayyana fari.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga batunmu, domin kamar yadda za mu gani, ja da shuɗi ba su da juriya iri ɗaya idan aka haɗa su a juye.

4.0 Abin da Ke Cikin Dayod

Ana yin dayod da samikondakta, wato sinadarin da ke tsakanin masu isar da lantarki irin su jan ƙarfe da masu hana shi irin su roba. Ana barbaɗa wa ɓangare ɗaya na sinadarin wani abu da ke ƙara masa ilektron, a kira shi ɓangaren n. Ɗaya ɓangaren kuma a barbaɗa masa abin da ke haifar da guraben da babu ilektron a cikinsu, a kira shi ɓangaren p. A galiyam nitiraid, misali, silikon ake sawa a sami ɓangaren n, a sa maganiziyam a sami ɓangaren p. Wurin da ɓangarorin biyu suka gamu shi ne mahaɗa.

A daidai mahaɗar, ilektron ɗin da ke kusa sukan tsallaka su cike guraben da ke kusa da su. Hakan yakan bar wani siririn yanki wanda babu masu ɗaukar lantarki a cikinsa, wanda muka kira yankin fayau. Wannan yanki shi ne katangar da ke raba ɓangarorin biyu.

4.1 Haɗin Daidai

A haɗin daidai, batir yana tura ilektron da gurabe zuwa ga mahaɗar, sai yankin fayau ya tsuke. Da zarar matsi ya kai wani mizani, kwarara takan fara. Duk ilektron ɗin da ya faɗa gurbi yakan saki ƙarfin da yake ɗauke da shi, kuma a dayod mai haske wannan ƙarfi yana fita ne a matsayin haske. Launin hasken ya danganta ga sinadarin. Jan dayod yana buƙatar kimanin bolt 2, shuɗi da fari kuwa kimanin bolt 3 ko ɗan fiye. Ƙaramin dayod mai faɗin milimita 5 an saba ba shi kwarara ta miliampiya 20. Saboda haka idan batir mai bolt 9 ne, dayod kuma ja, ragowar bolt 7 razista ce ke ɗauke da shi. Razista mai om 390 za ta ba da kwarara ta kimanin miliampiya 18.

4.2 Haɗin Juye

A haɗin juye, batir yana janye ilektron da gurabe daga mahaɗar, sai yankin fayau ya ƙara faɗi. Kwarara takan tsaya, in ban da wani ɗan yoyo ƙanƙane. Takardun bayanai da yawa suna alƙawarin cewa wannan yoyo ba zai wuce maikro'ampiya 10 ba a kan bolt 5.

A nan akwai abin da malamai da dama ke tsallakewa. Razista tana rage matsi ne gwargwadon kwararar da ke bi ta cikinta. Idan muka ninka maikro'ampiya 10 da om 390, abin da za mu samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt ba. Ke nan a haɗin juye kusan dukkan bolt 9 na batirin yana kan dayod ne. Razistar da ta kare shi a haɗin daidai ba ta rage masa komai daga matsin juye. Amfaninta kawai shi ne ta taƙaita kwarara idan ɓallewa ta riga ta auku.

5.0 Yadda Ɓallewa Ke Aukuwa

Idan aka ci gaba da ƙara matsin juye, duk matsin yana taruwa ne a kan yankin fayau, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Matsi kaɗan a kan tazara ƙanƙanuwa irin wannan yana haifar da fizga mai tsanani. Akwai hanyoyi biyu da katangar ke bi ta ɓalle.

5.1 Ɓallewa ta Ratsawa

Idan barbaɗin ɓangarorin biyu ya yi yawa, yankin fayau yakan zama siriri ƙwarai. A irin wannan hali ilektron yana iya ratsa katangar kai tsaye ba tare da ya haura ta ba. Ana danganta wannan da sunan Clarence Zener, masanin Fiziks ɗan Amurka wanda ya bayyana ƙa'idarsa a 1934. A dayod na silikon, wannan hanya ce ta fi rinjaye idan matsin ɓallewa bai kai bolt 5 ba, kuma matsin yana ɗan raguwa idan dayod ɗin ya yi zafi.

5.2 Ɓallewa ta Zaftarewa

Idan yankin fayau yana da ɗan faɗi, ilektron ɗin da ke cikin yoyo yakan sami filin gudu. Fizgar takan ba shi sauri har ya bangaji wani ƙwayar zarra ya fizgo wani ilektron. Su biyun su bangaji wasu, su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Kamar dai yadda ɗan dutse ɗaya kan gangaro daga kan tudu ya taho da ƙasa mai yawa, shi ya sa muka kira ta zaftarewa. A silikon ita ce ke rinjaye daga kimanin bolt 6 zuwa sama, kuma matsinta yana ɗan ƙaruwa da zafi, domin girgizar ƙwayoyin zarra tana katse wa ilektron gudu kafin ya tara ƙarfi.

5.3 Shin Ɓallewa Lalacewa Ce?

Amsa ita ce a'a, ba dole ba ne. Akwai dayod da aka ƙera musamman domin ya zauna cikin ɓallewa, wato dayod ɗin Zener, wanda ake amfani da shi wajen daidaita matsi a rediyo da caja da sauran na'urori. Abin da ke kashe dayod shi ne zafi. Zafin da ke tasowa a cikinsa daidai yake da matsi a ninka da kwarara. Jan dayod a haɗin daidai, bolt 2 a ninka da miliampiya 20, yana ɗauke da miliwat 40. Mu ƙaddara wannan dayod ya ɓalle a kan bolt 30, aka kuma bar miliampiya 20 ta bi ta cikinsa. Yanzu yana ɗauke da miliwat 600, wato ninki goma sha biyar, alhali ƙaramin dayod irin wannan iyakar abin da yake iya jurewa bai wuce kimanin miliwat 100 ba. Bugu da ƙari, kwararar ɓallewa ba ta bazuwa daidai a faɗin mahaɗar. Takan cunkushe ne a wuraren da ƙanƙarar sinadarin ke da aibi, sai waɗannan wurare su yi zafi fiye da sauran.

6.0 Ma'anar Iyakar Bolt 5

Yanzu za mu iya komawa ga tambayar da muka buɗe da ita. Bolt 5 da ke cikin takardar bayanai, wanda ake nunawa da alamar VR, ba shi ne matsin ɓallewa ba. Iyaka ce da kamfani ya gwada kayansa a kanta, ya kuma ɗauki alhakin cewa ba za su cutu ba muddin ba a wuce ta ba. Matsin ɓallewa na haƙiƙa yakan ɗara haka, kuma a jajayen dayod da yawa yakan kai bolt gommai. Sai dai kamfani ba ya sarrafa wannan adadi, domin an ƙera dayod ɗin ne don haske. Dayod biyu daga leda ɗaya suna iya ɓallewa a kan matsi mabambanta. Wannan ne ya sa ƙwan gwajinmu ya tsira daga bolt 9. Gwajin gaskiya ne, takardar ma gaskiya ce, kowannensu abin da yake magana a kai daban.

Kwatanci da dayod na gama-gari zai ƙara fito da batun. Dayod mai lamba 1N4007, wanda ke cikin kusan kowace caja, an ƙera shi ne domin tare lantarki, kuma yana jure bolt 1000 a juye. Ɗan'uwansa 1N4001 yana jure bolt 50. Ke nan iyakar dayod mai haske kashi ɗaya ce cikin ɗari biyu na iyakar 1N4007. Saboda haka kuskure ne a koya wa ɗalibi cewa dayod mai haske zai iya maye gurbin dayod na gama-gari wajen miƙar da wuta.

Shuɗi da fari suna buƙatar kulawa ta musamman. An fi shuka galiyam nitiraid a kan dutsen saffaya, kuma jerin ƙwayoyin zarrar sinadaran biyu bai yi daidai da juna ba. Wannan rashin dacewa yana barin tsage-tsage masu ɗimbin yawa da ke ratsa mahaɗar, waɗanda yoyo ke bi. Idan aka daɗe ana sa wa irin wannan dayod matsin juye, yoyon yakan riƙa ƙaruwa, hasken ya dusashe a hankali, ko da kuwa bai ƙone nan take ba. Shi ya sa wasu kamfanoni ke rubuta ƙarara cewa ba a ƙera manyan fararen dayod ɗinsu domin haɗin juye ba sam, wasu kuma suke dasa ƙaramin dayod na kariya a cikin kwanson. Darasi a nan shi ne, sake kamawar ƙwai bayan an juya shi ba hujja ce ta cewa bai cutu ba.

7.0 Wuraren da Ake Ƙetare Iyakar

7.1 Wuta Mai Kai-komo

Wutar batir fuska ɗaya take bi, amma wutar gida tana kai-komo, sau 50 a kowace daƙiƙa a Nijeriya. Mu ɗauki taransifomar ɗakin gwaji mai fitar da bolt 12. Wannan adadi na aiki ne, ƙololuwar matsin kuwa ana samun ta ne idan aka ninka shi da 1.414, wato kimanin bolt 17. Idan aka haɗa jan dayod da razista mai om 1000, a rabin zagaye na farko ƙololuwar kwarara miliampiya 15 ce, babu laifi. A rabi na biyu kuwa dayod ɗin yana a juye, da bolt 17 a kansa, wato fiye da ninki uku na iyakarsa. Hakan zai maimaitu sau 180,000 a sa'a guda, alhali ido yana ganin ƙwan yana ci lafiya lau. A wutar gida mai bolt 230, ƙololuwar ta kai kimanin bolt 325.

7.2 Jerin Dayod

Ana yawan jera dayod uku farare da razista ɗaya a kan batir mai bolt 12. Idan aka juya wayoyin batirin, mai lissafi zai ce kowane dayod ya ɗauki bolt 4, wanda bai kai iyaka ba. Amma matsin juye ba ya rabuwa daidai. Wanda yoyonsa ya fi ƙanƙanta shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kuma yana iya ɗaukar kusan duka.

7.3 Naɗin Waya

Duk na'urar da ke da naɗin waya, kamar rile ko ƙaramin injin fanka, takan yi harbin matsi a juye a daidai lokacin da aka katse mata wuta. Harbin gajere ne, amma yana iya ninka matsin batirin sau da yawa, kuma dayod mai haske da aka sa a gefen naɗin domin alama shi ne zai fara karɓarsa.

7.4 Lantarkin Jiki a Lokacin Hunturu

Kowa ya san ɗan tartsatsin da ke tashi idan aka cire rigar leda ko aka taɓa ƙofar mota da hunturu. Bushewar iska ce ke hana lantarkin da gogayya ta tara a jiki ya tsiyaye, kuma matsinsa yana iya kai bolt dubbai. Bai isa ya cutar da mutum ba, amma ya isa ya huda mahaɗar shuɗin dayod ko fari. Makarantun da ke yankunan da hunturu ke tsananta suna da buƙatar sanin wannan fiye da sauran. Ya kamata a ajiye irin waɗannan dayod a cikin ledar da suka zo da ita, ɗalibi kuma ya taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ya ɗauke su.

8.0 Hanyoyin Kariya

Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, kuma a nan rigakafin ba shi da tsada. Hanya ta farko ita ce a haɗa dayod na gama-gari, kamar 1N4148, kafaɗa da kafaɗa da dayod mai haske amma yana fuskantar akasinsa. Idan matsi ya juya, wannan dayod ne zai buɗe, sai matsin juye ya tsaya a kan kimanin bolt 0.7. Hanya ta biyu ita ce a sa wani dayod mai haske a wannan gurbi, kowannensu ya kare ɗan'uwansa, kuma a sami haske a rabin zagaye biyun. Haka ake ƙera ƙwan nan mai ƙafa biyu da ke ba da ja ko kore gwargwadon fuskar da wuta ta biyo. Hanya ta uku ita ce a sa 1N4007 a jere da dayod mai haske domin ya tare kwararar juye, wadda ta dace da na'urorin da ake tsoron a juya musu batir. A duk hanyoyin nan razista tana nan a wurinta.

9.0 Matsalar Fassara

Aikin samar da kalmomin fannu da Hausa ba sabo ba ne. Littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya yi wa nazarin harshe da adabi wannan hidima. Darasin da muka koya daga irin wannan aiki shi ne, kalmar fannu tana koyarwa tun kafin malami ya buɗe baki. Idan ta karkace, fahimtar ɗalibi ma za ta karkace.

Kalmar da Ingilishi ke amfani da ita a wannan wuri ita ce kuma ake faɗa idan mota ta mace a hanya. Saboda haka mai fassara da ya dogara ga ƙamus kawai zai rubuta lalacewa. Ɗalibin da aka koya wa matsin lalacewa kuwa zai rikice ranar da aka ce masa dayod ɗin Zener yana aiki ne a cikin lalacewa. Mun zaɓi ɓallewa ne domin faɗin ma'anarta. Akuya takan ɓalle daga turke a kamo ta a sake ɗaurewa, maɓallin riga yakan ɓalle a mayar, haka kuma madatsar ruwa takan ɓalle ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kalmar ta ƙunshi kuɓucewar abin da aka tsare, ta kuma bar batun ɓarna a buɗe, wanda shi ne ainihin halin dayod.

Haka nan mun auna kalmomi uku domin fuskar haɗi. Baya tana da harshen damo, domin matsin baya yana iya nufin matsin da ya gabata. Baibai kalma ce mai armashi, amma tana ɗauke da ma'anar kuskure, kamar wanda ya sa riga a baibai, alhali akwai inda ake juya dayod da gangan. Dayod mai haske kansa yana iya zama ma'aunin haske idan aka haɗa shi a juye, domin yoyonsa yana ƙaruwa idan haske ya sauka a kansa. Juye ce kaɗai ba ta yanke hukunci, shi ya sa muka tsaya a kanta.

Game da dayod da razista da bolt, mun bar su a matsayin aro, domin su ne ke bakin masu gyaran rediyo da waya, kuma ɗalibin da zai je kasuwa sayen kayan gwaji da su zai yi ciniki.

10.0 Shawarwari ga Masu Tsara Manhaja

Na farko, a ƙaramar sakandare ya wadatar ɗalibi ya san ƙafafun dayod, da cewa gefen katod na kwanson yana da ɗan shafaffen wuri, da bambancin haɗin daidai da na juye. Gwaji a wannan mataki a yi shi da batir biyu masu bolt 1.5 da jan dayod da razista mai om 100, domin ko an juya ba a ƙetare iyaka ba.

Na biyu, a babbar sakandare da kwalejin fasaha a raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa, wato matsin haɗin daidai, da iyakar matsin juye da kamfani ya rubuta, da matsin ɓallewa na haƙiƙa. Tambayar jarrabawa da ke cewa dayod mai haske yana ɓallewa a kan bolt 5 tana koyar da kuskure, ya kamata a gyara ta.

Na uku, tun da gani ya kori ji, a tanadi gwaji mai sauƙi. A haɗa jan dayod a juye, a jere da razista mai om 100,000, a ba su wuta daga batir mai bolt 9 guda ɗaya, sannan biyu a jere, sannan uku, wato bolt 9 da 18 da 27. A riƙa auna matsin da ke kan razistar, inda kowane bolt 1 ke nufin maikro'ampiya 10. Da wannan razista kwarara ba za ta kai kashi ɗaya cikin uku na miliampiya ba, saboda haka zafin da zai taso kaɗan ne ƙwarai. A gwada dayod biyar ko shida, a rubuta sakamakon kowanne a allo. Wasu ba za su ɓalle ba ko a kan bolt 27, kuma wannan ma sakamako ne da ya kamata ɗalibai su tattauna. Daga nan a sa dayod ɗin Zener mai bolt 5.6 a wurin, ɗalibai su ga yadda matsin da ke kansa yake tsayawa kusa da adadi ɗaya duk yawan batirin. Dayod ɗin da aka yi wannan gwaji da su a ware su, kada a mayar da su cikin sababbi.

Na huɗu, jagoran malami ya hana duk wani gwaji da wutar gida kai tsaye. Lissafin bolt 325 na allo ne kawai.

11.0 Kammalawa

Mun ga cewa dayod mai haske yana tare lantarki a haɗin juye har zuwa wani matsi, daga nan ya ɓalle ta hanyar ratsawa ko zaftarewa. Mun ga cewa zafi ne ke lalata shi, cewa bolt 5 alƙawarin kamfani ne, kuma shuɗi da fari suna iya cutuwa a ɓoye. Mun kuma nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar wannan bayani daga farko har ƙarshe idan aka zaɓi kalmomi da lura. Abin da ya rage shi ne malamai su gwada waɗannan kalmomi a azuzuwansu, su sanar da wannan cibiya waɗanda ɗalibai suka karɓa da waɗanda suka ba su wahala, domin a gyara su kafin a shigar da su cikin littattafan karatu.